Sharhina kan hawan Chappal Waddi daga gandun dajin Gashaka-Gumti

Ga masu tambaya ko tafiyar ta cancanci kuɗi da wahalar, amsata ita ce eh wallahi ta cancanta, amma da sharaɗin ka san me kake saya. Ba otal kake saya ba, ba kuma yawon shaƙatawa irin na Yankari ba inda mota za ta zaga da kai ka dawo ka faɗa ruwan Wikki. Abin da kake biya a nan mutane ne, wato ranja (ma'aikacin tsaron gandun dajin) da zai raka ka da 'yan dakon da za su ɗau kayanka, in ka dace da su to tafiya ta yi.

Chappal Waddi shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991 kuma duk ƙasar nan babu mai girmansa, har cikin Adamawa ya shiga ta wajen Toungo. Mun biyo ta Jalingo da Bali muka sauka Serti inda ofishin gandun yake, nan ake yin takardar izini a haɗa ka da ranja, ba a shiga kai kaɗai. Daga nan sai hawan Mambilla ta Mayo Selbe, hanyar nan mai kwana-kwana wadda in direba bai iya ba gara ka sauka, sai Nguroje, sai kuma acaba. Acabar nan ita ce ta fi cin jikina a duk tafiyar, kan duwatsu da gangare da tsallaka rafi har ƙauyen Njawai, daga can ƙafa ce kawai.

Inda muka kafa tanti a gindin tsaunin fili ne na ciyawa kusa da rafi, babu banɗaki babu lantarki, sabis ɗin waya sai an hau tudu ana ɗaga hannu. Sanyin wurin fa ba irin na hunturun Kano ba ne da ka lulluɓa da bargo ya wuce, wannan da danshi yake zuwa, raɓa ta jiƙa tanti sharkaf, alwalar asuba kuwa sai da aka ɗumama mana ruwa a tukunya. A nan ne nake da ƙorafi kan wanda ya shirya mana tafiyar daga gari, ba zan kama suna ba, ya ce akwai komai na kwana amma tantin da ya kawo zif ɗinsa a lalace, iska na shiga duk dare, kuma kuɗin acaba da ya ce yana cikin lissafi ashe babu, a hanya muka biya daga aljihu. Dan Allah duk wanda zai je ya sa a rubuta masa abin da ke ciki dalla-dalla kafin ya tura ko sisi.

Ranjanmu kam Allah ya saka masa da alheri. Bawan Allahn nan ya san dajin kamar tsakar gidansu, shi ya tashe mu tun duhu ya ce a kama hanya kafin hazo da gajimare su rufe sama, shi ke gaba yana rage sauri in ya ga na baya sun fara haki, bai taɓa nuna gajiya da mu ba. Da wani abokin tafiyarmu gwiwarsa ta fara ciwo cewa ya yi "Yallaɓai kawo jakar, ka taka a hankali za mu isa", ya sara masa sanda ya haɗa jakar da tasa. 'Yan dakon kuma samarin ƙauyen ne, wasu da takalmin roba suke hawa da kaya a ka suna hira da Fulatanci, mu da muka zo da kambas muna bin bayansu. Ku ba su haƙƙinsu da kyau har da ƙari, kar a tsaya ciniki da su kamar ana sayen tumatir, guminsu ne ke kai mutum sama.

Hawan kansa ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa, tudu ne bayan tudu na ciyawa, ka ga kamar ka iso sai wani ya ɓullo a bayansa, a cikin kwaruruka kuma kurmi ne mai duhu inda ruwa ke fitowa, ruwan da ke gangarawa kogin Taraba ya faɗa Binuwai. Mun wuce rugage da shanu, an ba mu nono mai sanyi. Da muka kai ƙololuwa iska kamar ta ɗauke mutum, ga Kamaru shimfiɗe a gabanka ga tsaunukan Najeriya a baya jere har iya ganinka, ni dai tasbihi kawai na dinga yi, kuma raina ya sosu da na tuna yawancinmu a Arewa ko sunan wurin ba mu taɓa ji ba alhali namu ne.

Wanda ke son ganin birai da namun daji ya ware lokaci daban ya je ɓangaren ƙauyen Gashaka da Kwano, ta hanyar tsaunin ba lallai ka ga da yawa ba. A je da rani, Disamba zuwa Maris, da damina hanyar acabar ba ta biyuwa ga santsi. A riƙo rigar sanyi mai kauri da hula da safa, tocila, fawa bank, maganin ciwon jiki, garin rogo da ƙuli da dabino, sai tsabar kuɗi a hannu tunda can ciki ba maganar tiransifa. Kafin a tashi kuma a kira ofishin Serti a ji halin da hanya take ciki, su ne ke da labarin yau da gobe na yankin.