Daga Split zuwa Hvar: a ina za ka ɗaure jirgi da dare?

Masu hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska a gaɓar Kuroshiya suna karɓa ranar Asabar, su mayar yammacin Juma'a. Tafiyar gajera ce, Split zuwa Milna a tsibirin Brač kusan mil 10 ne na ruwa. Wahalar tana wajen samun makwanci a watannin Yuli da Agusta.

Tashar ƙananan jirage, wadda a can ake kira marina, ita ce mafi tsada kuma mafi kwanciyar hankali. Kamfanin ACI yana da su a Split, Trogir, Milna da Palmižana, dab da garin Hvar. Akwai ruwa, lantarki da banɗaki. Da tsawon jirgi ake lissafin kuɗi, kuma katamaran mai gindi biyu yana biyan ƙari saboda faɗinsa. Kama wuri tun da wuri ta intanet, ko ka kira su ta rediyon jirgi a layi na 17, ka faɗi tsawon jirginka da zurfin da ƙasansa ke shiga ruwa. Ka isa kafin la'asar.

Da baya ake shiga. Ka fara jefa igiyar baya ta ɓangaren da iska ke zuwa, sannan ma'aikaci ya miƙo siririyar igiyar da ke haɗe da ƙasan teku, a bi da ita zuwa goshin jirgi a ɗaure tamau. A nan ake yawan yin ɓarna: in injin yana cikin giya, igiyar nan takan naɗe farfela.

Kwatar gari, irin ta garin Vis da ke tsibirin Vis, takan fi sauƙin kuɗi, sai dai igiyar ruwan manyan jiragen fasinja tana buga jirgi da bango, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu.

Ƙwallon ɗaure jirgi da ke cikin lungunan teku ma biya ake yi. Duba igiyarsa da idonka, don wata ta riga ta cinye.

Jefa anka (ƙarfen da ke kama ƙasan teku ya riƙe jirgi) a fili ba shi da tsada, amma ka saki sarƙa ninki 4 zuwa 5 na zurfin ruwan, a kan yashi, domin anka ba ta kamawa a ciyawar teku. In an yi hasashen bura, iskar arewa maso gabas mai saukowa daga duwatsu farat ɗaya, ka biya kuɗin marina a daren nan.