Feshi kawai, allurar gyangyaɗi ko barci mai nauyi: amsa ga Hajiya kan gwajin huhun Baba

Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Na ga tambayarki tun jiya ina aikin dare, kin ce tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce za a zura masa siririn tiyo mai kyamara ta hanci ko ta baki a leƙa huhunsa, kina son sanin wanne ya fi, a yi masa idonsa biyu ko a sa shi barci. Ni nas ce ba likita ba, amma na sha tsayawa a kan wannan aiki nan Legas.

Kusan kowa sai an fesa masa lidoken a hanci da maƙogwaro wurin ya mutu, ɗaci gare shi ba kaɗan ba. Wasu a nan ake tsayawa. Akwai wani direban tanka daga Apapa da ya ce lallai feshi kawai, don ba mai maida shi gida, wlh ya jure amma hawaye na zuba ta gefen ido, ya damƙe hannuna har sai da zobena ya yi min shaida. Feshi kawai ya fi sauƙin kuɗi, ba jiri, mutum ya tashi da ƙafarsa, sai dai tari da fargaba duk yana jinsu.

Wanda aka fi yi shi ne allurar gyangyaɗi ta jijiya, midazolam, sau da yawa a haɗa da fentanil don ya danne tarin. Mutum bai yi barci sosai ba, in an kira sunansa zai amsa, yana numfashi da kansa, amma galibi ba ya tuna komai. Wani tsoho muna goge masa baki an gama yana tambayarmu wai yaushe za a fara. Abin da yake kwantar min da hankali da waɗannan biyun shi ne kowanne yana da makarinsa, fulumazenil na midazolam, naloksan na fentanil, in numfashi ya yi ƙasa a ba shi ya dawo. Tsofaffi kuma ana rage musu sosai, kaɗan-kaɗan ake turawa.

Furofofol daban ne, farin nan kamar madara, yana ɗan zafi a hannu in ana turawa. Nan take yake ɗauke mutum, yana kuma saki da wuri, kai ya fi washewa bayansa. Amma ba shi da makari, yana iya sauke jini ya tsayar da numfashi, shi ya sa sai da likitan sa barci a tsaye, kuɗi kuma ya ƙaru. Barci na gaba ɗaya irin na tiyata an fi ajiye shi wa tiyon ƙarfe, kamar yaron da gyaɗa ta faɗa wa hanyar numfashi, ko aikin da zai ɗau lokaci.

Da mahaifina ne kuma leƙawa ce kawai da ɗebo ruwan huhu a auna, allurar gyangyaɗin zan roƙa masa. Amma likitan da ya ga hoton ƙirjinsa shi ke da ta cewa, ku dai kar ku ɓoye masa komai: in Baba na minshari mai sarƙewa, ko ciwon zuciya, ko maganin tsinka jini, ko yana shan taramol ko na gargajiya, mutanenmu sun iya cewa "ba komai" alhali leda cike take a gida.

Kafin gwajin a tsayar da abinci yadda suka rubuta, yawanci awa 4 zuwa 6, farin ruwa awa 2. Bayan an gama kar a yi saurin ba shi shayi don tausayi, sai maƙogwaro ya dawo, kamar awa 1 zuwa 2, in ba haka ba zai ƙware. In an yi masa allura ba tuƙi ba sa hannu a takarda sai bayan awa 24. Kuma dan Allah daga asibitin Idi-Araba ko na Ikeja zuwa Agege kar a ɗora shi kan acaɓa ko a cusa shi danfo shi kaɗai cikin gosulon nan, a samu mota, ɗaya daga cikin yaran ya zauna kusa da shi.