Hoton Ranar Yaye Ɗalibai: Mai Situdiyo Ko Ɗan'uwa Mai Kyamara?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya cewa bikin yaye su a Jami'ar Bayero ta Kano ya matso, iyayenta za su taso daga gida, kuma ta rasa wanda za ta zaɓa tsakanin ƙwararren mai hoto da zai caje ta kuɗi masu kauri, da ɗan yayarta wanda ya sayi kyamara kwanan nan ya ce zai yi mata kyauta. Malama, barka da kammala karatu, Allah ya sanya albarka. A ganina, abin da ya kamata ki fara dubawa shi ne wane hoto za a iya sake ɗauka gobe, wane ne kuma ba za a iya ba.

Babban bambancin da ke tsakaninsu yana fitowa ne wajen sarrafa haske. Irin wannan taro yakan watse ne da rana tsaka, lokacin da rana take bisa kai, hular digiri kuwa shimfiɗaɗɗiya ce mai kusurwa huɗu, don haka tana jefa inuwa daidai kan goshi da idanu. Ga rigar digiri mai duhu, ga farin hijabi ko farar babbar rigar mahaifinki a gefe. Idan aka bar kyamara ta yi wa kanta awon haske, kamar yadda mai koyo yakan yi, ɗaya daga cikin biyu ne zai faru: ko dai fuskarki ta yi baƙi ƙirin don farin ya fito, ko kuma fuskar ta fito amma farin ya ƙone har a kasa ganin aikin zaren da ke wuyan babbar rigar. Ƙwararre ya san wannan tun kafin ya ɗaga kyamara. Zai ja ku zuwa inuwar bishiya ko baranda, ya ɗan ɗaga miki gaban hular, ya sa yaronsa ya riƙe faifan da ke maido da haske kan fuska, ko ya kunna filasha duk da cewa rana ce. Yawancinsu kuma suna ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, wanda ke ba da damar gyara haske a kwamfuta fiye da JPEG, tsarin hoto na yau da kullum, nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun shiri. Mai sana'a yana zuwa da batir na biyu, sau da yawa kyamararsa tana da gurbin katin ajiya biyu, ta yadda idan ɗaya ya lalace hotunan suna kan ɗayan. Ya saba kuma da jera iyali cikin 'yan mintuna a tsakiyar cunkoso, ba tare da ya bar dattawa tsaye a rana ba, wannan kuwa abu ne da ɗan yayarki zai ji nauyin yi, domin ba zai iya ce wa kakansa ya matsa hagu ko ya ɗago kai ba.

Sai dai ɗan'uwan naki yana da abin da kuɗi ba ya saye. Kin saba da shi, za ki saki jiki ki yi dariyarki ta gaskiya, ba ya sauri don ba shi da wasu ɗalibai da ke jiransa, kuma zai iya haƙura har bayan la'asar, lokacin da haske ya yi laushi. Idan yana da gilashin kyamara (lens) na 50mm mai buɗewa sosai har f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, zai iya fitar da fuskarki tas, abin da ke bayanki kuma ya dusashe. Hotunan ranar gama jarrabawa, da farar rigar da ƙawaye suka cika da sa hannu, da na walima a gida, duk ya fi dacewa da su.

Kada kuma sunan situdiyo ya ruɗe ki. Wasu suna gyara hoto har su sauya wa mutum launin fata su goge masa kamanni, abin da ni kam nake ganin cin fuska ne ga mai hoton. Wasu suna karɓar aiki fiye da ƙarfinsu a rana ɗaya, hotuna su yi makonni ba su fito ba. Ki nemi ya nuna miki cikakken aikin da ya yi wa mutum ɗaya a waje da rana, ba zaɓaɓɓun da ya sa a Instagram ba. Ku yi magana a rubuce kan adadin hotuna, da ranar bayarwa, da cewa ba zai wallafa hotonki ba sai da izininki, sannan ki ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai aiki ya zo hannu.

Duk wanda ya ɗauka, ki karɓi hotunan da cikakken girmansu. Hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar kimanin fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2400 da 3000 kafin ya wanku da kyau, WhatsApp kuwa yana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, shi ya sa ake ganin hoto garau a waya, amma a firam ya fito dishi-dishi.

Shawarata ita ce ki raba aikin. Ki yi ciniki da ƙwararre na ɗan gajeren lokaci, ya ɗauke ki ke kaɗai da riga da hula, sannan ke da iyayenki, tunda haɗuwarsu a harabar jami'a rana ɗaya ce. Sauran ki bar wa ɗan yayarki. Idan aljihu bai kai ba, ki tambayi ranar da ake mayar da rigar, ki karɓe ta da wuri, ku fita da shi kwana ɗaya kafin bikin ku gwada a wurin da kuma lokacin da za a yi, ku duba hotunan a kwamfuta, domin ya ga kurakuransa tun akwai damar gyarawa.