Daga Bronx: yadda ake kula da samarinmu masu ciwon suga da damuwa

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Kun sha tambayata yadda asibiti yake a Amurka. Zan ba ku ta ɓangaren da na sani, domin ɗan ƙanwata mai shekara 15 yana fama da ciwon suga.

Kayan aiki kam ba a magana. Akwai wata 'yar na'ura, Libre ko Dexcom, da ake manna wa yaro a dantse, tana tura awon sugansa zuwa waya dare da rana, ba sai an riƙa huda masa yatsa ba. Insulin, wato allurar masu suga, yana cikin firji, wuta ba ta ɗaukewa, alhali a gida wasu a gindin randa suke ajiye nasu. Sai dai komai a nan da inshora yake tafiya. Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, ita ce ke ɗaukar nauyin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma duk da haka yaran baƙar fata ba su cika samun na'urorin nan kamar farare ba. Sai uwa ta buɗe baki ta nema.

Abin da ya fi burge ni shi ne, tun daga shekara 12 ƙa'idar likitocin suga ta ce a riƙa bincikar halin da zuciyar yaro take ciki. Takarda ake ba shi mai tambaya tara: yaya barci, yaya cin abinci, ya taɓa jin gara ma ya mutu? Sun gane cewa saurayin da ya daina yi wa kansa allura, sau da yawa damuwa ce ta cinye shi. Mu a gida sai mu ce rashin ji ne ko shafar aljanu, kuma ba a nufar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware sai abu ya ta'azzara.

Amma nan ɗin ma akwai abin da ke ci mini rai. Farin yaro ya fusata, a tura shi wurin mai ba da shawara. Baƙi ya yi haka, a ce fitinanne ne, a dakatar da shi daga makaranta. Ganin likitan ƙwaƙwalwa na yara kuwa, a kan yi watanni ana jiran layi. In an samu, a kula: magunguna irin su olanzapine da risperidone suna sa ƙiba, suna ɗaga suga, don haka dole likitocin biyu su san abin da kowannensu ya rubuta.

Masu 'ya'ya a nan, ku riƙe lambar 988, layin agajin gaggawa na masu damuwa ko tunanin kashe kai. Tun 2022 take aiki, kyauta, kuma yaron da ke jin nauyin magana zai iya tura saƙo kawai.