Mako guda a jirgin masu nutso na Maldibs: wa ya dace da shi, me kuma za a bincika kafin a biya

Duk wanda ya koyi nutso da silindar iska, ko ba jima ko ba daɗe zai ji maganar jiragen nan da ake kwana a cikinsu, ana yawo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ga mutumin Nima ko Mamobi ko Zangon Kumasi, Maldibs, ƙasar tsibirai a Tekun Indiya, ta fi sauƙin kaiwa a kan Raja Ampat, fitaccen wurin nutso na Indonisiya: jirgin sama daga Accra, sauyi ɗaya a Dubai ko Doha, sai Male, babban birnin Maldibs. Biza ta kwana 30 kyauta ake bayarwa a filin jirgi, ƙasar kuma ta Musulmi ce. Amma tunda daga Ghana aka fito, katin rigakafin shawara dole ne, kuma akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa kafin sauka.

Tsarin da aka fi sayarwa shi ne dare 7 a tsibiran tsakiya, wato Male, Vaavu da Ari, nutso uku a rana, jimilla 17 ko 18. Ana tada mutane wajen ƙarfe 6, shayi, bayanin wurin da za a shiga, sai ruwa. Karin kumallo bayan an fito. Ruwan yana da ɗumi, digiri 27 zuwa 30, rigar roba mai kaurin milimita 3 ta isa. Teku ta fi kwanciya daga Disamba zuwa Afirilu.

Abin da ya fi burge ni a jiragen Maldibs shi ne doni, ƙaramin jirgin da ke bin babban. Silinda, injin cika iska da jiƙaƙƙun kaya duk a can suke zama, don haka babu ƙarar inji ko warin roba inda ake barci. Ka haɗa kayanka ranar farko, ba ka ƙara ɗagawa sai ranar tafiya. Saboda haka idan kana kwatanta kamfanoni, ka nemi hoton doni kafin hoton ɗakin kwana. Tsaninsa yana da faɗi? Akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a kansa? Mutum nawa jagora ɗaya ke riƙewa? In sun wuce 6, a ganina sun yi yawa a ruwa mai ja.

Jan ruwan nan shi ne daɗin tafiyar, shi ne kuma haɗarinta. Manyan kifaye suna taruwa ne a bakin mashigai, inda ruwan teku ke kwarara cikin zoben tsibiri. Ana faɗawa ba tare da iska a rigar da ake hurawa don daidaita nauyi a ruwa ba, a sauka kai tsaye zuwa mita 25 ko 30, a maƙala ƙugiya a jikin dutse, ban da murjani mai rai, sannan a ɗan hura rigar a tsaya ana lilo, kifayen shak suna giftawa a gabanka, kumfar bakinka tana tafiya a kwance maimakon sama. Wanda ya tsaya gyaran tabarau a saman ruwa na minti ɗaya, ruwa ya riga ya wuce da shi bakin mashigin. Wanda kuma ya yi ta kokawa da ruwan da ƙafa, silindarsa mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (ma'aunin matsin iska) za ta sauka zuwa bar 50 tun kafin rabin lokaci, ya jawo abokin nutsonsa su fito tare. Takardar shaidar nutso ta matakin farko, wato Open Water, iyakarta mita 18 ce, ba ta isa ba. A nemi ta gaba da ita, wato Advanced, a kuma saba harba balan-balan ɗin alama daga mita 5, domin da shi matuƙin doni ke gane inda ruwa ya kai ka. Iya iyo a Labadi abu ne mai kyau, amma wannan wani fanni ne daban. Dokar ƙasar ta tsayar da nutson shaƙatawa a mita 30, kuma jagora na ƙwarai ba ya sassauta ta.

Daga cikin wuraren nutson da suka yi suna, Maaya Thila da dare da kuma Alimatha sun cika alkawarinsu. Ganin babban kifin nan mai ɗige-ɗige na kudancin Ari, wanda ake kira whale shark, kuwa rabo ne, kuma sau da yawa cunkoson jirage a kansa yana rage armashi.

Naitiroks, wato iskar silinda da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 aka rage naitirojin, ya cancanci ƙarin kuɗinsa, don nutso uku kullum yana tara naitirojin a jiki. Sharaɗinsa: ka auna silindarka da kanka, ka sa adadin a kwamfutar hannunka. In silinda ta ɗauki iskar yau da kullum amma kwamfuta na lissafin kashi 32, lokacin da take nuna maka ƙarya ne, kuma ta nan ciwon kumfa a jini ke shigowa. Rashin shan ruwa ma yana ƙara haɗarin, shi ya sa ba na ba da shawarar a haɗa tafiyar da azumin Ramadan. Mai sikila kuwa, ko asma, ko ciwon zuciya, ya ga likita tun kafin ya taɓa aljihunsa. A yanki inshorar da ta ambaci nutso ƙarara. Akwai ɗakin matsin iska na jinya a tsibirin Bandos, amma kai mutum can da jinyar ba araha ba ne.

Sai maganar da masu talla ba sa so. A Satumban 2019 jirgin masu nutso mai suna Conception ya kama wuta da dare a Kalifoniya, mutum 34 suka rasu a ɗakin kwana na ƙasa. A Nuwamban 2024 wani irinsa, Sea Story, ya kife a Bahar Maliya kusa da Marsa Alam. Don haka a tambaya a rubuce: akwai mai gadi a farke duk dare? Akwai na'urar gano hayaƙi a kowane ɗaki? Ina ake cajin batura? Da ka shiga jirgi, ka je ka buɗe ƙofar tsira ta biyu da hannunka, ka ga inda take ɓullawa. Fasfo da rigar ceto su kwana inda hannu zai kai gare su cikin duhu. Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana a kan waɗannan tambayoyi, a bar shi da kayansa.

Abinci shinkafa ne da tuna da miyar kori, da ƙoshi amma babu sauyi sosai. Kwalbar shito ko ƙullin yaji na gyara zama. Ana sayar da giya a jiragen baƙi, ko da yake ma'aikatan da yawa Musulmi ne, kuma za su nuna maka alƙibla. A riƙa sake tambaya, don jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska. Mai saurin jiri ya zaɓi ɗakin ƙasa na tsakiya.

Farashi yakan fara ne daga wajen dala 2,000, ban da tikiti, kuma in aka mayar da shi sidi ba ƙaramin abu ba ne. A tabbatar ko ya ƙunshi harajin muhalli, hayar kaya, naitiroks da ihsanin ma'aikata, don waɗannan ne ke kumbura lissafin ranar ƙarshe. Ga mai nutso 40 zuwa 50 a littafinsa, wanda ya taɓa ruwa mai ja, kuɗin ya biya. Sabon shiga ya fara da masauki a tudu tukuna. Kuma wajen sayen tikitin dawowa Accra, a bar awa 24 tsakanin nutson ƙarshe da tashin jirgin sama. Awa 18 ne mafi ƙarancin da DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ta yarda da shi bayan nutso a jere.