Hattara da MP3 mai memorin bogi da ake tallatawa a Kaduna

'Yan'uwa masu sayen ƙaramar na'urar MP3 domin sauraron karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi ko waƙa, ku tsaya ku karanta wannan kafin ku miƙa kuɗinku. Akwai wata damfara da ke yawo a cikin wannan kasuwa, kuma ba irin wadda ake ganewa da ido ba ce. Na'urar za ta kunnu, sauti zai fita tangaram, kwalin zai nuna giga 32 ko 64, har kwamfuta ma in aka jona ta za ta nuna hakan. Amma ainihin memorin da ke ciki bai wuce giga 2 ko 4 ba, in an yi sa'a 8.

Ana kawo ta ta hanyoyi biyu. Akwai masu yawo da ita a tire ko a jakar goyo a tashoshin mota, su sayar wa fasinjan da motarsa ke shirin tashi, wanda ba shi da lokacin gwadawa kuma ba zai sake ganinsu ba. Akwai kuma masu talla a Facebook, TikTok da sitatus na WhatsApp, masu cewa ragin farashi ne na kwana uku, a turo kuɗi tukuna, kaya za su zo ta hannun direba a tashar motar Kawo ko ta Mando. Ba muna nufin duk mai sayar da MP3 maƙaryaci ba ne. Da yawa daga cikin ƙananan 'yan tireda su ma saro ta suka yi ba su san abin da ke ciki ba. Amma asarar dai a kan mai saye take ƙarewa.

Ga yadda ake haɗa ƙaryar. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai guntun memori inda ake ajiye sauti, akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa mai kula da shi, wadda ita ce ke gaya wa kwamfuta girman wurin. Kwamfuta ba ta shiga ta auna, abin da aka gaya mata shi take nunawa. Masu wannan aiki suna amfani da manhajar da masana'antu ke saita ƙwaƙwalwar da ita, su goge adadin gaskiya su rubuta na ƙarya. Jarkar lita 4 ce aka manna wa takardar lita 25: za ka yi ta zubawa, amma abin da ya wuce huɗun a ƙasa yake tafiya. A wasu na'urorin, duk fayil ɗin da ya wuce iyakar gaskiya ɓacewa yake yi, sunansa kawai ke zama a jeri. A wasu kuma abin ya fi muni, domin sabon da aka tura komawa yake yi ya hau kan tsohon ya shafe shi, wani lokaci har ya ci teburin da ke riƙe da sunayen fayiloli gaba ɗaya. Nan ne za ka ga sunayen waƙoƙi sun koma wasu baƙaƙe marasa ma'ana, ko folda ta buɗe babu komai a ciki.

Abin da ya sa damfarar ke daɗewa ba a kama ta ba lissafi ne mai sauƙi. Sautin MP3 na yau da kullum, mai ingancin 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti), yana cin kusan mega ɗaya a kowane minti, wato wajen mega 58 a awa. Waƙa mai minti biyar mega biyar ke nan, waƙoƙi 200 kuma giga ɗaya. Tafsirin watan azumi cikakke, awa biyu kullum har kwana 30, awa 60 ne, bai kai giga 3.5 ba. Saboda haka mutumin da aka sayar wa giga 4 da sunan 64 zai iya yin makonni yana jin daɗin kayansa, har ya yaba wa mai sayarwa a wurin abokai. Sai ranar da ya ƙara wani tafsirin ko ya zuba izu sittin na wani makaranci a kai, sannan sura ta riƙa tsallakewa, wata ta tsaya a tsakiya, wata ta ƙi buɗewa. A lokacin mai tallan ya daɗe da canza lamba. Mafi yawan lokaci wanda ake kamawa da faɗa shi ne yaron da ke tura waƙa a shago, a ce ya zuba wa na'urar bairos, alhali ba shi da laifin komai. Yin fomat kuma ba ya gyara ta. Fomat zai share abin da ke ciki, na'urar ta koma kamar sabuwa, ta sake cinye fayiloli a daidai inda ta cinye na farko.

Alama ta farko farashi ce. Kafin ka saya, tambayi kuɗin katin memori na gaske mai giga 64 a shagon da ka amince da shi a Kasuwar Sheikh Gumi ko kan titin Ahmadu Bello. In na'urar gaba ɗayanta, da batir, da gilashi, da iyafis, da kwali, ta zo ƙasa da kuɗin katin shi kaɗai, to babu giga 64 a cikinta. Araha ba ta ado, kuma memori ba ya cikin kayan da ake rabawa kyauta. Alama ta biyu tana cikin lambar da kwamfuta ke nunawa. Memori na gaske kullum yana nuna ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa, saboda masu ƙera shi suna ƙirga giga da dubu-dubu, Windows kuma da 1024. Giga 8 zai nuna wajen 7.4, giga 16 wajen 14.9, giga 32 wajen 29.8, giga 64 wajen 59.6, ko ƙasa da haka kaɗan saboda wurin da manhajar na'urar ta ci. Wannan ragin ba cuta ba ne. Wanda ya nuna 64 cif, ko dab da haka, shi ne abin zargi.

Akwai wata dabarar da ba ta buƙatar taɓa ƙwaƙwalwa ma. 'Yar ƙaramar nan mai maƙali da ake ratayawa a aljihun riga, wadda ba ta da gilashi, galibi babu memori ko kaɗan a cikinta, ramin kati kawai gare ta. Abin da aka rubuta a kwalin da Turanci shi ne tana iya ɗaukar kati har zuwa giga 32. Mai talla sai ya yanke farkon maganar ya ce giga 32 ce. In ka koka, ya ce ai ga shi a rubuce, ya kuma haɗa ka da kati a kan ƙarin kuɗi, katin ma na bogi. Gwajinta mai sauƙi ne: cire katin ka kunna ta. In babu abin da ya fito, komai a katin yake.

Masu cewa iPod ce ta Apple, sabuwa dal a leda, su ma a yi musu tambaya. Apple ya daina yin iPod nano da iPod shuffle tun a watan Yulin 2017, iPod touch kuma a watan Mayun 2022. Shuffle ta ƙarshe giga 2 ce, nano ta ƙarshe giga 16. Babu wata iPod da aka taɓa yi da ramin katin memori, babu kuma mai ramin caja irin na wayar Android. Duk wadda ka gani da alamar tuffa a baya da ramin kati a gefe, jabu ce ko da kwalin ya kai ina a kyau. Sunayen Sony da SanDisk ma ana buga su a jikin irin waɗannan kaya, don haka suna a jiki ba shaida ba ne.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika memorin a sake karanto shi. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, ta wata mujallar kwamfuta ce ta Jamus, tana aiki a Windows, kuma masu gyaran waya da yawa suna da ita. A kwashe komai daga na'urar, a jona ta da kebul, a zaɓe ta a cikin manhajar, a ce ta gwada dukan wurin da ke akwai, a danna maɓallin rubutawa da tantancewa. Za ta cika memorin da fayiloli masu giga ɗaya-ɗaya, sannan ta dawo ta karanta su ta kwatanta. In memorin na gaske ne za ta gama babu kuskure. In na bogi ne za ta nuna ja, ta faɗi giga nawa ne lafiya, nawa ne suka salwanta. Adadin farkon nan shi ne girman abin da ka saya. Sai dai tana cin lokaci: irin waɗannan na'urori rubutunsu a hankali yake, in tana ɗaukar mega 4 a daƙiƙa, cika giga 32 zai haura awa biyu kafin ma a fara karantawa. A tabbatar laftop ɗin yana da caji, domin in an ɗauke wuta a tsakiya sai an sake daga farko. Masu Linux ko Mac suna da makamanciyarta mai suna F3.

In babu wannan manhajar, a yi da hannu. A tura sauti ko bidiyo da ya haura giga 8, zai fi kyau ya kai 10 ko 12. In an gama, a cire kebul ɗin, a kashe na'urar, a sake kunna ta. Wannan matakin kada a tsallake shi, domin in ba a cire ba kwamfuta tana iya buɗe maka fayil daga abin da ta riƙe a nata memorin, ka zaci lafiya lau. Sannan a saurari fayil na farko da aka tura, da na tsakiya, da na ƙarshe, kowanne a ja shi zuwa kusa da ƙarshensa. Ganin suna a jeri bai isa ba. Mai shago mai gaskiya ba zai hana ka wannan ba, ko ya yarda ka tafi da ita ka gwada, ya rubuta a rasit cewa in memorin bai cika ba zai karɓi kayansa. Wanda ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, alhali bai bari an gwada ba, bar masa abinsa.

Wani abu da ya kamata a raba shi da damfara: ƙananan na'urori da yawa ba sa karanta katin da ya wuce giga 32, saboda katin 64 zuwa sama yana zuwa da tsarin ajiye fayil mai suna exFAT, su kuma wanda ake kira FAT32 kawai suka sani. Wannan gazawar na'ura ce, katin yana iya zama na gaske. Haka nan wadda ke da ramin caja na Type-C amma ta ƙi caji da kebul mai Type-C a kai biyu, galibi an yi tsimin wasu ƙananan rizisto biyu ne a ramin. In aka sa mata kebul mai faffaɗan kai irin na da, za ta kama.

Batir shi ne wuri na biyu da ake zuga ƙarya. Za ka ga an rubuta awa 50 ko 70 a kwali. In mai gyara ya buɗe, zai tarar da ɗan batirin litiyom mai bolt 3.7, da lamba shida a jikinsa, misali 402030, wato kaurin milimita 4, faɗin 20, tsawon 30. Batir mai wannan girma bai wuce mAh 200 (ma'aunin cajin da batir ke ɗauka) ko kusa da haka ba, ko me aka rubuta a waje. Ka cika na'urar da caji ka bar ta tana aiki da iyafis a matsakaicin sauti, ka duba agogo. Wadda ta mutu cikin awa biyu ko uku tun tana sabuwa, ko batirin ƙarami ne ƙwarai ko ya tsufa a sito. In bayanta ya fara tasowa ko gilashin ya ɗaga, batirin ya kumbura, a daina caji nan take, kada kuma a huda shi. Zafin Maris da Afrilu yana hanzarta wannan, musamman ga masu barin ta a gaban mota ko a kan tankin babur.

Tunda ana gwaji, a gwada abubuwan da mai sauraron karatu yake buƙata, don kwali ba ya faɗar su. Kunna fayil mai tsawo, kai shi minti 40, kashe na'urar ka sake kunnawa. In ta koma farko, za ka sha wahala da tafsiri mai awa biyu. Duba ko tana bin jerin lamba, domin wasu suna bin yadda aka tura fayilolin ne, sai ka ji Baƙara ta biyo bayan Yasin. Maganinsa a sa wa surori lamba 001 zuwa 114 kuma a tura su a jere. Bulutut ma ka haɗa shi da naka iyafis ɗin a gaban mai shago, ba nasa ba. Ka kuma ɗan juya kan iyafis a raminsa: in sauti yana yankewa a kunne ɗaya tun yanzu, ramin ba zai yi wata uku ba.

Game da masu tallan intanet, kada a tura kuɗi gaba ga shafin da ba shi da adireshin shago da za a iya takawa a je. A lura in sunan asusun banki daban yake da sunan shafin, in an kulle wurin sharhi, ko in bayan ka biya aka dawo da maganar kuɗin mota ko kuɗin kwastan. Biya bayan kawowa ma ba kariya ba ce in ɗan aike ya ce ba a buɗewa sai an biya, tunda ƙaryar ba a waje take ba.

Wanda ya riga ya saya, ya fara kwashe duk abin da yake so daga ciki, kada ya mai da ita ma'ajiyar karatun da ba shi da kwafinsa a wani wuri. Ya yi gwajin, ya ɗauki hoton sakamakon, ya haɗa da rasit, da shaidar tiransifa, da hoton tallan kafin a goge shi. In a shagon kasuwa ne, a fara kai magana wurin shugabannin layi ko ƙungiyar 'yan kasuwa, sau da yawa a nan ake warware ta. In ta intanet ce, a sanar da banki da wuri, a kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kuɗin ba su dawo ba, na'urar tana iya ci gaba da aiki matuƙar abin da ke cikinta bai wuce adadin gaskiyar da gwaji ya nuna ba. In tana da ramin kati, a bar memorin ciki fanko, a sa kati na gaske mai giga 16 ko 32 wanda shi ma aka gwada.