Bindigar feshi ƙirar HVLP: mai kyau ce, amma tana cin iska

HVLP na nufin mai fesa fenti da iska mai yawa amma mara ƙarfin matsi. Na sayi mai baki milimita 1.3 don in fente tsohuwar Golf ɗina a gareji. Feshinta sumul, ba ta ɓarnar fenti, kuma kwance ta a wanke da tina ba wuya. Sai dai kwamfureso (injin matsa iska) mai lita 25 ba ya iya ɗaukar ta: kafin a gama bonet iska ta yi ƙasa, fentin ya fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Da mai lita 100 da matatar ruwa a bakin tiyo, aiki ya miƙe.

Fentin 2K (wanda ake haɗawa da sinadarin da ke sa shi ƙarfi) na sa, yana sheƙi sosai. Amma tururinsa guba ne ga huhu, takunkumin kyalle ba ya tare shi. Don Allah ku sayi na gaske mai matata, kuma kada ku fesa ranar da ƙurar hunturu ta taso.